Jinina a Kular Zoɓo

Shekarar da autata take aikin kammala digiri, jinin mutane take bi tana karɓa. Wai akwai wani abu da jiki yake fitarwa daga iskar da muke shaƙa, kaɗan ba laifi, in ya yi yawa sai ya riƙa cin mutum ta ciki. Shi take aunawa. Na ce ta yi min dalla-dalla. Ta yanka gauta ta ajiye a faranti, muna kallo ya yi baƙi.

"To kamar haka, Umma. Ke lafiyarki ƙalau, shi ya sa nake son naki, in gwada shi da na marasa lafiya."

Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato, ita ta ɗiba da safe kafin in karya. Suka naɗe 'yar kwalbar da baƙar leda, wai haske ma ɓata shi yake, suka cusa a kular zoɓona da ƙanƙara. Yarinya ta tare adaidaita a titin Gyaɗi-Gyaɗi kamar mai kai naƙuda.

Da la'asar ta dawo shiru, ita da tun daga zaure ake jin muryarta. Na zuba mata abinci, sai juya cokali take.

"Ke, gaya min. Ruɓewa nake?"

"Naki ya yi sama, Umma. Ya fi na wasu da suke kwance."

A kwanakin nan ko dankali na fere sai in tsaya ina kallonsa. Har zannuwana na fita na fara rabar wa ƙannena, suna godiya, ba su san dalili ba.

Auta ta raka ni asibiti, aka auna suga, aka auna hawan jini, babu komai. Likitar ta ce wancan awon shi kaɗai ba ya nuna cuta. Sai ta matso ta shinshina mayafina.

"Hajiya, da me kike girki?"

"Itace mana. Awarar sayarwa nake soyawa, tun wannan tana goye."

"Kicin ɗin da taga?"

Akwai, amma mun toshe ta da kwali saboda magen maƙwabta. Likitar ta ce ƙila hayaƙin da nake shaƙa ne.

Maigida ya cire kwalin, ya kawo tukunyar gas. Ni da nake tsallake titi in na ga ana ɗura ta a Unguwa Uku! Har yau in zan kunna sai na yi bisimilla, in miƙa ashana daga nesa, ƙafa ɗaya a waje. Auta ta ce a sake aunawa a gani ko ya sauka. Na ce ta bari tukuna.