Tukunyata da Sakainar Malam Talge

Da watan azumin bana maigidana ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara a shafin jarida ba. Malam nake ce masa. Amma mutanen Wudil sun raɗa masa nasu sunan, Malam Talge, kuma ba don ƙauna suka raɗa ba. Tun ranar da aka kai shi makwanci nake da buri ɗaya: kada wannan suna ya zama abin dariyar da jikokinsa za su gada.

Malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, ni kuma ina koyarwa a firamare. Wata safiya na nemi tukunyar tuwona da muciya na rasa. Ashe yana can makaranta da su, ya ɗaure a bayan keke har da itace da garin dawa. Darasin ranar kan cikin ƙasa ne, ya ce ya gaji da zane a allo yara suna hamma.

Ya hura wuta a tsakar makaranta, ya yi talge, ya kakkarya sakaina ya watsa a kai. Da zafi ya taso daga ƙasan tukunya, sai talgen ya riƙa ɓullowa ta tsakiya, ya bazu gefe, ya nutse. Sakainun nan kuwa suka kama tafiya, wasu su rabu, wasu su yi karo, wasu su gogi juna. Ya ce wa yaran ƙasar da muke takawa ɓawo ce kawai, kuma a farfashe take, manyan ɓangarori kamar sakainun nan. Ƙarƙashinta dutse ne mai zafi wanda yake motsi sannu a hankali, can ƙasa narkakken ƙarfe, a tsakiya kuma dunƙulen ƙarfe. Inda ɓangarori suka rabu teku ke buɗewa, inda suka yi karo duwatsu ke tashi, inda suka goga ƙasa ke girgiza. Har ya gaya musu Afirka da Kudancin Amurka a da a manne suke, kuma har yau suna nesanta da juna gwargwadon yadda farce ke tsiro.

Kafin la'asar labari ya zaga Sabon Garin Wudil. Ba wanda ya tsaya kan maganar teku ko duwatsu. Abin da gari ya gani shi ne magidanci mai gemu riƙe da muciya a gaban 'ya'yan mutane. A majalisa ana cewa karatu ya taɓa shi. Wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, in dai ƙasa na tafiya, yaya aka yi kullum nake samun gonata inda na bar ta?" Malam ya ce, "Alhaji, ai tare kuke tafiya da ita. Wanda ya shimfiɗa ta shi yake tafiyar da ita." Aka kwashe da dariya, kuma ba shi aka taya ba.

Iyaye suka kai ƙara, aka hana shi shiga makaranta da tukunya, daga baya aka mayar da shi wata makaranta can wajen Achika. Na yi faɗa a kan tukunyata, gaskiya ne, don ya dawo min da ita ta kama. Amma a kan darasin ban taɓa barin bayansa ba. Ni na koya masa ma yadda zai sassauta talgen don sakaina ta ji daɗin tafiya. Duk macen da ta ce min "matar Malam Talge" a gidan biki ba na amsawa, ko da kuwa sa'ar uwata ce. Abin yana ci min rai, shi kuwa ko a jikinsa. A haka ciwo ya kwantar da shi, ya tafi ba wanda ya ce masa ya yi daidai.

Da yana nan yau, ban san irin dariyar da zai yi ba. Lokacin da ƙasa ta motsa a wasu unguwannin Abuja, mutanen da suka yi masa ba'a su ne suka riƙa tambayar juna ko girgizar za ta iso nan. Shi kuwa tuni ya faɗa cewa muna zaune ne a tsakiyar sakaina, nesa da gefen da ake karo, sai dai akwai tsofaffin tsaguwa da kan motsa jefi-jefi. Yanzu jikata tana nuna min a waya yadda nahiyoyi suka rabu, hoto yana tafiya. Na kalla na ce wannan ai na gan shi a tukunyata tun ba a haifi uwarki ba.

Watan jiya wata mata ta yi sallama gidana, ta durƙusa har ƙasa. Ta ce sunanta Binta, tana cikin yaran da suka kewaye murhun nan a tsakar makaranta. Yanzu dakta ce, tana koyar da ilimin duwatsu a jami'ar garin nan. Ta ce, "Mama, gobe zan yi darasin Malam, ina so ki zo ki gani."

Na je. Ɗaki cike da ɗalibai, maza da mata daga jihohi daban-daban, ga murhun gas a kan tebur, ga tukunya, ga sakaina. Sai dai talgen Dakta ya yi kauri, sakainun sun kafe wuri ɗaya sun ƙi motsi, ɗalibai sun fara ƙus-ƙus. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Dakta, ba ni muciyar nan, ki ƙaro ruwa." Na dama, na sassauta, muka jira ya tafaso. Sakainu biyu suka rabu a hankali, talge ya ɓullo tsakaninsu. Wani ɗalibi daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ga teku nan!" Ɗakin ya ɗauki tafi.

Dakta Binta ta bari suka yi shiru, sannan ta gaya musu wanda ya ƙirƙiro wannan darasi, da abin da ya jawo masa. Ta ce duk shekara ɗalibanta da Talgen Malam suke kiransa, kuma waɗanda suka gama suka kama koyarwa sun tafi da shi makarantunsu. Na yi kuka a gaban 'ya'yan mutane, kuma ban ji kunya ba.

Malam bai bar mana gini ko gona ba. Ya bar darasin da aka sauya masa makaranta dominsa, ga shi yau ana yin sa a jami'a, maza na riƙe muciya ba mai dariya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ilimin nan ya bi shi har kabarinsa.

Da zan fita, wata ɗaliba ta biyo ni ta ce, "Hajiya, don Allah ke ce matar Malam Talge?" Na tsaya, na gyara mayafina, na ce, "Ni ce."