Birkin Gaba da Hannun Gaisuwa

Shekarar da aka tura ni koyarwa a wani ƙauye da ke hanyar Kalfu na sayi keke a kasuwar Tawa. Irin na gwanjon nan ne da ake kwasowa daga Turai, masu shi sun hau sun gaji, mu kuma mu karɓa da hannu biyu. Shuɗi ne, marar nauyi, birkinsa na waya. Ranar Litinin in fita da sassafe, Juma'a in dawo gida, ina ganin duk faɗin Adar babu wanda ya kai ni.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, mai sayen fata a kasuwannin ƙauye. Shi ma yana da keke, baƙi, tsoho, mai birkin ƙarfe, wanda mahaifinsa ya shigo da shi daga Sakkwato tun muna rarrafe. Warin fata ya kama keken har ta kai karnuka na raka shi bakin gari. Ranar da na kawo nawa gida ya zagaye shi kamar mai tayin rago, ya matsa hannun dama ya leƙa ƙasa, ya matsa na hagu ya sake leƙawa, sannan ya miƙe yana girgiza kai.

"Mushe, an cuce ka," in ji shi. Tun da na fara koyarwa ya daina kiran sunana, sai Mushe, yadda ƴan makaranta ke kiran malami da Faransanci. "Wanga keke bahago ne."

Abin da ya gani shi ne, a kekena hannun hagu ke riƙe da birkin gaba, dama ke riƙe da na baya. A nasa kuwa, kamar duk kekunan da ke shigowa daga Najeriya, dama ce ta gaba. Ni ban ma lura ba sai da ya faɗa. Amma ba a barin taubashi ya yi gaskiya a tsakar gidanku, don haka nan take na zama masanin birki. Na ce birkin baya ake matsawa kullum, dole a ba shi hannu mai ƙarfi. Ya ce na gaba ke tsayar da keke, na baya rakiya kawai yake yi, kuma babu mai hankalin da zai ɗauki ransa ya danƙa wa hannun da bai san komai ba sai buta.

Muka kai maganar fada, inda muke shan shayi da yamma. Fadar ta rabu biyu, har da waɗanda ba su taɓa hawa keke ba. Wani dattijo mai sayar da goro a gefenmu, wanda ya ɗan taɓa karatu kuma ba ya so a manta da haka, ya yanke hukunci cewa tayar gaba liman ce, ta baya mamu, saboda haka dama ta liman ce. Na tambaye shi, idan liman ya tsaya cak ba sanarwa alhali mamu na tahowa da gudu, ina za a kwana? Ya ce ƴan lakwal, wato mu ƴan boko, ba su da ladabi, ya daina ba ni goron kyauta.

A lokacin ina neman aure. An riga an kai gaisuwa, ana jiran kaka a sa rana. Mahaifin yarinyar mutum ne marar yawan magana, tsohon ɗan cirani da ya yi shekaru a Abijan ya dawo ya zauna. Kullum bayan la'asar yana kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansa, gidan kuma a gindin wata ƴar gangara yake.

Wanda ya san ya kamata, tun daga nesa yake sauka daga keke, ya turo shi, ya cire takalmi, ya durƙusa. Na san haka. Sai dai wannan Juma'ar na sa sabuwar riga, na wanke keke har yana ɗaukar ido, kuma na san akwai tsaga a jikin ƙyauren gidan inda ake leƙen masu wucewa. Na ce bari in gangaro a kai, in ɗaga hannu tun daga sama, in zo in tsaya a hankali kusa da tabarma.

Na ɗaga hannun dama, don ba a gaida suruki da hagu. Ina tsakiyar gangara wata tunkiya ta tsallako hanya tana jan igiyarta. Hannu ɗaya ya rage mini a kan keken, shi na matsa, da iyakar ƙarfina.

Keken ya tsaya. Ni ban tsaya ba. Na wuce ta saman kansa hannuna na sama yana ci gaba da gaisuwa, na dira da kafaɗa a bakin tabarma, takalmi ɗaya ya yi gabas, hula ta yi yamma. Tunkiyar ko waiwaye ba ta yi ba.

Tsohon ya dube ni na ɗan lokaci, ya janye butarsa gefe.

"Sannu da sauka," ya ce.

Daga bayan ƙyaure na ji wata irin ƙara, irin ta mata da yawa sun toshe baki da gyale. Na tattara kaina na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata tun farko, ya amsa har da tambayar gajiya. Sai da muka gama ya ce, "Malam, mi ya kada ka?"

Da na ce tunkiya ce da an wuce wurin. Amma ni malamin makaranta ne, na shiga bayani. Na ce masa keken na Turai ne, can birkin gaba a hagu yake, ga dalili, ga hikima. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato su can ba su gaisuwa," ya ce.

Kafin in turo keken zuwa gida labarin ya riga ni. Na tarar da taubashina zaune a ɗakin innata, wadda take gwaggonsa, yana cin tuwona yana nuna mata yadda na tashi sama, shi da bai gani ba. Kafaɗata ta kumbura, mai ɗori ya ce ba karaya ba ce, amma in huta. Na yi kwanaki a kwance. Cikin kwanakin taubashina ya zo ya ce zai ari keken ya je Bambeye, nasa na wurin faci. Na ba shi don in samu ya fita daga ɗakin.

Ina kwance ina yi wa kaina huɗuba. Na ɗauki alkawari daga yau hannun hagu ba zai sake taɓa birki ba. Dama kawai, dama ce baya, dama ce lafiya. Har a kan shimfiɗa ina matsa iska da hannun dama don ya saba.

Da na warke na kama hanyar ƙauye. Kafin a shiga garin akwai wata ƙorama da ake gangarawa cikinta, duk tsakuwa, kuma ranar kasuwa ce, mata sun jeru da ƙwaryar nono a ka. Keke ya ɗauki gudu. Na tuna alkawarina, na matsa dama da natsuwar wanda ya yi karatun ta-natsu.

Wannan karon a kan ɗaya kafaɗar na sauka. Wata tsohuwa ta ajiye ƙwaryarta ta zo ta ɗaga ni tana salati, ta karkaɗe mini riga, ta ce in ba na iyawa in sayi jaki, shi aƙalla yana sanar da mutum kafin ya kayar da shi. Da na bi wayar birkin da ido sai na ga an juya ta. Dama ta koma gaba.

Ban koyar da komai ba a wannan makon sai haƙuri. Ranar Juma'a na kai ƙara gaban inna, aka kira taubashina.

"Gwaggo, taimako na yi," ya ce. "Na kai an gyara mishi keke ya zama irin na mutane. Kuma na hwaɗa miki ki hwaɗa mishi."

Inna ta ce lallai ya ce mata wani abu game da hannu, ta ɗauka hannun da ya kumbura yake nufi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Sannan ta ce mu biyun mu tashi mata daga ɗaki, ita a zamaninsu da ƙafa ake zuwa Kalfu kuma ba a taɓa kawo mata wanda ƙafa ta kayar ba.

Na bar birkin yadda ya juya shi, don ba ni da kafaɗa ta uku. Amma ban yafe ba. Bayan bikina da ƴan watanni, wata rana ya bar kekensa a zaurenmu ya tafi jana'iza. Na ce yau ranata ce. Na toshe hanci na tura shi wurin mai gyara, na ce a juya mini birkin, gaba ta koma hagu, ko da za a kwana ana yi.

Mai gyaran ya duƙa ya duba, ya ɗago ya ce babu abin juyawa. Keken ba shi da birkin gaba. Hannun birkin na nan a dama, an ɗaure shi da tsinken roba don kada ya yi ƙara, amma sandar ƙarfen da ke sauka zuwa taya babu ita, robobin da ke kama tayar ma babu, wurin ya yi tsatsa irin ta shekaru. Na bayan ma, in ji shi, sai dai a ce Allah ya kiyaye. Ya nuna mini tayar gaba inda ta sha gugar takalmi.

Na turo keken har fada na jingina shi a gaban kowa, na jira. Da taubashina ya iso na matsa hannun birkin a gabansa, ya tafi fayau ba abin da ya motsa. Na ce ya yi wa jama'a bayanin inda liman ya shiga.

Ya karɓi kofin shayinsa ya kurɓa, bai ko ji kunya ba. Ya ce sandar tun zamanin mahaifinsa ta karye, aka yi tsinken gasa nama da ita wata babbar salla.

"To a kan mi kake ta gardama duk wannan lokaci?" na ce.

"Da yana nan, a dama zai kasance," ya ce, ya miƙa kofi a ƙara masa.