Bikon da Na Je da Takarda

Ranar da na je biko unguwar Adjamé, da takarda a hannu na je.

Matar ɗana ce ta yi yaji. Ta bar ɗakinta a gidanmu na haya a unguwar Biafra, ta koma gidan ubanta a Adjamé, bayan silimar Roxy, ta tafi da jikata mai shekara shida. Yarinyar nan a bayana ta girma. Ni ke mata kitso, ni ke raka ta lakwal, wato makarantar boko. Kwana huɗu da tafiyarsu, wata maƙwabciya ta same ni a kasuwar Treichville, inda nake sayar da atamfa, ta ce Alhaji, uban matar ɗan nawa, ya yanki tikiti, ranar Asabar zai sa uwa da 'ya a mota zuwa Damagaram wurin danginsa.

Mijina ya rasu, babu babban namiji a gidan. Akwai dai yayarsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ko ruwa za ta roƙa sai ta bi ta karin magana. Ni kuwa na raina wannan. Sai da na haura arba'in na shiga karatun manya, na koyi jera magana ɗaya, biyu, uku. A ganina zagaye-zagaye na marasa hujja ne. Ban ko gaya mata ba. Na zauna na rubuta laifin kowa, na hau woro-woro, tasin nan ta haɗaka, na haye gada.

Alhaji ya karɓe ni a tsakar gida, ƙannensa biyu na zaune a tabarma. Ko gaisuwa ban bari ta yi nisa ba, na buɗe takarda. Na karanta abin da 'yarsa ta yi, rana da rana. Na ce ɗana ya yi kuskure, amma ba shi ya fara ba. Ɗan farina, wanda uwa ta gari ko sunansa ba ta kamawa, na kira sunansa sau uku a gaban surukai ina wanke shi. Kuma wallahi duk abin da na karanta gaskiya ne.

"Hajiya, kin gama?" in ji Alhaji.

"Na gama."

"Ashe kotu aka kawo mana. To, mun ji. A gaida gida."

Ina sa takalmi na ji muryar jikata bayan labule tana kiran "Kaka", aka janye ta.

Daga nan ɗakin yayar mijina na nufa. Na durƙusa, ni da ban taɓa roƙon kowa ba.

"Yaya, ki taimake ni. Za su tafi da ita."

"A'a, malama mai biro, ina takardar? Karanta mini ni ma in ƙaru." Ta bar ni na yi kukana, sannan ta ce, "Kin tuɓe mutum a gaban ƙannensa, kina jira ya ce kin yi gaskiya? Ko yana son janyewa, ta wace ƙofa? Duk kin toshe."

Ranar Juma'a da hantsi na riƙe ta muka hau mota. A ƙofar gidan ta ɓare goro ta tura mini a baki.

"Kar ki haɗiye, kar ki tofar, sai mun fito."

Gaisuwa kaɗai ta kusa cin rabin awa. Ta tambayi gwiwar Alhaji, ya tambayi tata. Can ta jefa karin magana guda a kan mai gaggawa. Kowa ya san da ni take, ba wanda ya dube ni. Alhaji ya mayar mata da nasa, mai zafi, a kan ɗana. Ta karɓa, ta ƙara wani da ya shafi 'yarsa, amma a tausashe, har ƙaninsa ya yi dariya. Duk abin da ke takardata sai da aka faɗe shi a wurin nan, ba a kama sunan kowa ba. Ni ina zaune goro ya jiƙe, ɗacinsa na gangara mini maƙogwaro. A nan na gane: Alhaji zai iya sunkuya wa maganar mutanen da, amma ba zai sunkuya mini ba.

Daga ƙarshe ya ce uwar dai sai ta tafi, don ya riga ya aika gida, ba zai zama ƙaramin mutum ba. Yarinya za ta zauna wurinsa har a yi hutun lakwal, bayan nan a sake zama. Kakarta ta riƙa zuwa ran Juma'a.

A mota Yaya ta ce, "Da ni kika fara kawowa, da su biyun muka taho da su."

Ban musa ba.

Saura wata biyu a yi hutu. Kullum da la'asar ina rufe rumfa in je in zauna gabanta, tana faɗa ina maimaitawa, tana zagina in na jefa magana inda ba wurinta ba. Ta hana ni rubutawa. Gwiwar tata kullum ƙara kumbura take, kuma ta ce zama na gaba ni kaɗai zan je.