Ruwan Randar Goggo

Jiya na sha ruwan randa a gidan maƙwabta, sanyinsa da ƙamshin ƙasarsa suka tuno min da Goggo, ƙanwar babana da ta riƙe ni.

Da bazara, ana idar da sallar asuba take tasa ni gaba mu taka zuwa lambunta a Wuro Patuji. In na ɗaga wa keke napep hannu sai ta harare ni.

"Ke, ƙafafun nan na ado ne?"

In mun dawo, tuwo ɗan kaɗan, miyar yakuwa cike da kwano, kindirmo ba sukari. Haushinta nake ji lokacin.

Yanzu ni kaɗai nake takawa. Har yau ina rage sauri gindin mangwaron da take tsayawa ta numfasa.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Goggo, kamar ruwan randarki.