Ranar da Noelene Ta Karya Farashin Dizal

Idan aka ce an ci mai gidan mai tara, kowa zai ɗauka tsuga wa jama'a kuɗi ya yi. To mu a Tarrajin, can cikin gonakin alkama na Yammacin Ostiraliya, tamu rangwame ta yi aka hukunta ta. A gabana aka yi, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina, ni da ba a taɓa jin na bar loma a faranti ba.

Sunanta Noelene Harbutt, shekararta sittin da huɗu, gajeruwa ce, muryarta kamar ana jan tsakuwa a kan kwanon rufi. Ubanta ne ya kafa famfo biyun nan a bakin titi, ɗaya fetur ɗaya dizal. Ta gaje su tare da wani firji mai tari. Mijinta Merv shi ma tarin yake yi. Merv ya rasu, firjin yana nan. Ni askin tumaki ne sana'ata, kuma tun ina da gashi a kaina nake cin fai ɗin da take gasawa, wani gashin fulawa mai nama a ciki. Sunana Des, amma ita "uban surutu" take ce mini.

Dokar kuwa ga ta. Kullum kafin ƙarfe biyu na rana, mai gidan mai zai sanar da ofishin kula da farashi da ke birni nawa zai sayar da lita gobe. Daga ƙarfe shida na safe, wannan farashin ne har wata safiyar, ba hawa ba sauka. Don manyan gidajen man birni aka yi ta, masu sauya allon farashi sau uku kafin tsakar rana, kuma ni ban ga laifin a ɗaure waɗannan ba. Noelene ma ba ta taɓa saɓawa ba. Ranar da aka binne Merv, ana cikin shan shayin makoki ta dubi agogo, ta ajiye kofi, ta tsallaka titi da baƙaƙen kayanta ta je ta buga musu waya. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Sai watan Disamba, tsakiyar girbi, ranar da zafi ya kai digiri arba'in da biyu, iska kuma tana busowa daga arewa kamar an buɗe tanda. Injin girbin wani manomi, Clarrie Voigt, ya daki dutse, tartsatsi ya faɗa cikin alkama. Kafin a ce me, hayaƙi ya rufe rabin sama. Mu ba mu da 'yan kwana-kwana masu albashi. Motar kashe gobara ɗaya ce ta 'yan sa-kai, sauran kuwa manoma ne, kowa da tankin ruwa a bayan akori-kurarsa. Kuma dukkansu dizal suke sha.

Nan da nan layi ya miƙe a gaban famfon Noelene. Ta fito da gudu, hannunta duk fulawa.

"Ku zuba ku wuce! Yau ba na karɓar ko senti!"

Clarrie ne a gaba, fuskarsa baƙi ƙirin da toka. Ya maƙale bakin famfon ya ƙi zubawa.

"Noels, maroƙi kika mayar da ni? A gonata wutar ta tashi, sannan in sha miki mai a kyauta?"

"Kai tsohon banza! Gonarka tana ci kana yi mini ciniki?"

"Ba zan zuba ba sai kin faɗi kuɗi."

Haka mutanenmu suke. Mutum zai ba ka aron tarakta wata guda bai tambaye ka ba, amma ka miƙa masa ƙwai ɗaya kyauta sai ya yi kwana uku ba ya gaishe ka. Na bayan Clarrie su ma suka ɗaure fuska. Da Noelene ta ga layi ya tsaya wuta kuma ba ta tsaya ba, sai ta fizgi alli, ta goge dala ɗaya da senti casa'in da tara da ke kan allo, ta rubuta dala ɗaya da sittin da biyu.

"Ga shi nan, yadda na saro. Wanda ya ƙara magana in watsa masa dizal a ido!"

Suka zuba suka wuce. Ni ma na bi su da jiƙaƙƙen buhu, ko da yake Clarrie ya ce da bakina kawai zan iya hure wutar. Kafin faɗuwar rana aka tare wutar a bakin titin makaranta.

Ashe akwai wani ɗan fansho daga birni, irin masu yawon shan iska suna jan ɗakin kwanansu a bayan mota. Da safe ya sha dizal a farashin da aka sanar. Da wuta ta tare hanya ya dawo, ya ga an rage farashi a allo, sai ya shigo yana neman cikon kuɗinsa.

Noelene ta ce, "Wannan farashin na masu shiga wuta ne, malam. Ga buhu can, ga ruwa. Ka jiƙa ka bi su, in cika maka tanki."

Bai jiƙa buhu ba. Hoton allon ya ɗauka da wayarsa.

Bayan mako biyar, ina zaune ina cin fai, sai ga wani mutum da farar mota da takalmi mai sheƙi, ya ce shi Mista Sturrock ne daga ofishin farashi. Don gaskiya ba mugu ba ne. Ta taga yana iya hangen ƙasar da wuta ta cinye, baƙa ƙirin har iya ganinsa. Ya ajiye takarda a kan kantar shagon.

"Misis Harbutt, kin sayar a kan farashin da ba shi kika sanar ba. Amma akwai mafita. Ki sa hannu a nan cewa kuskure aka yi wajen rubuta allo, sai ya tsaya a gargaɗi. In ba haka ba tara ce, kuma sunan gidan manki zai shiga jerin masu laifi da muke bugawa."

Na ce, "Yallaɓai, ƙasa fa ta yi da shi, ba sama ba."

"Doka ba ta ce sama ko ƙasa ba. Cewa ta yi kada a sauya."

"To ita wutar, ta sanar da ku kafin ƙarfe biyu cewa za ta zo?"

"Rufe mana baki, uban surutu," in ji Noelene. Ta sa tabarau ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta tura masa abarsa. "Ba kuskure ba ne. Da idona biyu na rubuta."

"Madam, kalma ɗaya ce fa. Kowa yana sa hannu."

"Shekara talatin da ɗaya ban yi ƙarya a kan allon nan ba, sai yau don in faranta wa ofishinku? Abu ɗaya mai kyau da na yi da allin nan shi zan kira kuskure?"

Ya roƙe ta har sau uku. Daga ƙarshe ta naɗe masa fai a takarda, ta karɓi kuɗinsa cif, ya tafi.

Tarar ta zo, dala dubu. Sunanta kuma ya fito a jeri ɗaya da wani katafaren gidan mai da aka kama yana tallan farashi ɗaya a allo, yana karɓar wani a wurin biya. Wannan ne ya karya ta, ba dala dubun ba. Mun rubuta wa ofishin wasiƙa, mutum tamanin da uku muka sa hannu, har da limamin coci. Amsar da ta dawo layi huɗu ce, wai suna godiya da sha'awar da muka nuna.

Noelene ta biya. Ta sayar da abin da ya rage a tankunan ƙasa, ba ta sake kiran motar dakon mai ba. Ranar da famfon dizal ya fara tofar da iska, ta ɗauko buhunan abincin tumaki biyu ta rufe kawunan famfunan, ta ɗaure da waya. Yanzu fai da shayi kawai take sayarwa. Gidan mai mafi kusa da mu kilomita tamanin da bakwai ne, kuma can motar kashe gobararmu take zuwa shan mai, ta ƙona rubu'insa a hanyar dawowa.

Makon jiya shugaban 'yan sa-kai ya aike ni in lallashe ta ta sake buɗe famfunan, tunda girbi ya sake ƙaratowa. Na yi mata bayani na kusan rabin sa'a, har da rantsuwa.

Ta ce, "Sun cire sunana daga jerin?"

"Ba su cire ba."

"To ɗaga gwiwar hannunka, ina goge kantar nan."