Ƙaho a Kan Sabuwar Gwiwa

Yayana ne ya lalata mini ƙafa, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, mazaunin Ajingi. Masu cewa in bar wa Allah na ji su, amma sai na faɗa.

Shekara da shekaru sanyin ƙashi yana cin gwiwata ta dama, har gona ta gagare ni, sallah ma sai a kujera. Ɗana mai aiki a Abuja ya kai ni wani asibiti aka canza gwiwar. Wani inji ne mai hannu, mutum-mutumi suke ce masa, shi ke auna ƙashin, likita na riƙe da shi ana yanka. Aka sa ƙarfe da roba aka ɗinke. Likitan ya ce za ta kumbura ta yi zafi, kada in tsorata, amma ko allura kada a bari ta huda wurin, don in cuta ta kai ga ƙarfen magani ba ya cim mata da sauƙi.

Na dawo Gaya ina takawa da sanda, har na fara zuwa masallaci. Yaya ya zo dubiya, ya ɗaga zane ya latsa, ya ce mataccen jini ne, inji ina ya san fitar da jini. Na faɗa masa gargaɗin likita. Ya yi dariya, wai tun ba a haifi likitan ba ake ƙaho a gidanmu.

Bai daɗe ba sai ga shi da wanzami a bayan babur, ya zaɓi lokacin da zaure ke cike da 'yan dubiya. Ya sani sarai a gidanmu ƙane ba ya musa wa wansa a gaban mutane. Wanzamin ya zaro aska daga zabira, ya goga a gefen riga, ya tsattsaga gwiwar, ya kafa ƙaho ya zuƙa da baki. Aka zagaya da jinin a kasko, dattawa na leƙawa suna yaba baƙinsa kamar masu tayin akuya.

Zazzaɓi ya biyo baya, sai mugunya, sai wari. Matata ta yi ta turare, a banza. Aka mayar da ni Abuja aka cire ƙarfen. Yanzu ƙafar na nan kamar taɓarya, likita ya ce in cutar ba ta mutu ba yankewa za a yi.

Da na dawo ya sake zuwa, zaure cike. Ya zauna nesa, yana gaya wa mutane dama shi ya san aikin inji ba ya ƙarko, kuma akwai wani mai ɗori a ƙauyen Balan. Na yaye zanen.

Na ce, “Yaya, matso ka shaƙa. Sauke hannunka daga hanci, wannan warin aikinka ne. In an yanke ta kai za a miƙa wa ka je ka binne. Yanzu tashi ka bar mini zaure.”