Bunsurun da Baba Yari Ya Ƙi Yankawa

Shagon ɗinkina yana bakin ƙofar gidan da Baba Yari yake haya a Agege. Abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba, gani na yi, wani ma shaƙarsa na yi, domin a jikin tagata yake ɗaure bunsurunsa.

Baba Yari Bahaushe ne daga ƙauyukan Malumfashi, Kirista tun daga kakansa. Ya zo Legas yana saurayi a bayan motar shanu da niyyar cin rani ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadin gidan wani Bayarabe a Ikeja, har gwiwa ta gaza ya ajiye aiki. Sai dai aikin bai ajiye shi ba. Gidan hayar ɗaki goma sha biyu ne, ƙofarsa ko sakata babu, amma kullum da safe sai ya share bakin ƙofar, ya kafa kujerarsa ta roba, duk mai shiga ya tambaye shi wurin wa ya zo. Mai gidan da kansa ya taɓa shan wannan tambaya.

Ɗa ɗaya gare su shi da matarsa Rifkatu, wadda duk layin ke kira Maman Audi. Audi soja ne, an tura shi arewa maso gabas. A wayar da suka yi cikin watan Yuni ya ce in Allah ya yarda zai zo musu Kirsimeti. Washegari Baba ya sayo ɗan bunsuru ya ce na ranar zuwan Audi ne. Daga wannan wayar lambar Audi ba ta ƙara shiga ba.

Ana cikin haka wani mutum mai farar riga ya bayyana a wayoyin mutane, yana gumi yana cewa an nuna masa a wahayi: Talatar farko ta Oktoba, ƙarfe uku na rana, za a busa ƙaho a kwashe masu bi zuwa sama. Ya lissafa alamu, tsadar shinkafa, satar mutane, ambaliya, ba wanda ba mu gani da idonmu ba. Faston su Baba ya ja kunnen jama'a a coci, amma Maman Audi ta ce Fasto yaro ne, ba komai ya sani ba. Ni ban ɗauke ta mara wayo ba. Matar da ta yi wata huɗu ba ta ji muryar ɗanta ba, in aka ce mata ranar Talata za a tara kowa wuri ɗaya, dole ta so maganar ta zama gaskiya.

Ta fara da kayan girki. Duk tukwanenta, har da babbar da take dafa shinkafar Kirsimeti, ta kwasa ta ba Rahamatu mai sayar da abinci a ɗaki na shida. Sannan ta kawo mini rigarta ta Zumuntar Matan coci in rage mata hannu, don da ita take so ta tafi.

"Tela, kada ka yi mini alƙawarinku na teloli," in ji ta. "Bayan Talata ba ni da inda zan same ka."

Tun da na fara ɗinki ban taɓa gama aiki a kan lokaci kamar wannan ba.

Saura bunsuru. Mamman mahauci, maƙwabcinmu, bai yarda da mai farar riga ko da na minti ɗaya ba, amma ya yarda da nama. Ranar Asabar ya zo ya tsuguna gaban kujerar roba yana shafa wuyan dabbar.

"Baba, tunda Mama ta ce za a tashi Talata, a yanka shi Litinin mana. Asara ce a bar shi."

"Gaskiya ne," in ji Maman Audi daga cikin gida. "Wa za ka bar wa?"

Ni ma na sa baki, don wari ya ishe ni.

Baba ya gyara zama ya ce, "Mamman, shekara talatin da ɗaya na yi a get. Sau nawa ka san wani ya zo mini da kwat da jaka ya ce oga ya aiko shi, in buɗe a ɗauki janareto? Duk wanda ya fi kowa sanin maganar oga, shi na fi tsoro. Oga kuwa bai taɓa gaya mini lokacin dawowarsa ba. Wani lokaci ya ce kwana biyu ya yi sati uku. Nawa dai in share gida, in ba furanni ruwa, in zauna a bakin ƙofa. To Ubangijin da ya yi sama da ƙasa, Shi ne zai aiko mini saƙo ta wayar Rifkatu mai fasasshen gilashi? Ranar da zai zo, ya same ni a bakin aikina. Bunsurun nan na Audi ne."

Ranar Talata Maman Audi da ƙawayenta biyu suka ci ado da zanen zumunta, suka zauna a tsakar gida suna waƙa suna kallon sama. Ƙarfe biyu da rabi Baba ya ɗauki buhu ya tafi nemo wa bunsuru ɓawon doya. Uku ta yi, uku da rabi ta wuce, ɗaya daga cikinsu ta ce wataƙila da agogon ƙasar waje mutumin ya yi magana. Ƙarfe biyar yayyafi ya kora su ɗaki. Yunwa ta taso, ba tukunya ko ɗaya. Rahamatu ta mayar da ƙananan tana dariya, babbar kuwa ta hana, ta ce, "Mama, a gaban shaidu kika ba ni." Baba dai ya sayo wa matarsa burodi da shayi.

Mun yi wata guda muna dariyar wannan. Da Disamba ta kama dariyar ta ƙare, don har yanzu ba labarin Audi. Ranar Kirsimeti Baba ya dawo daga coci da sabuwar hula ya zauna a kujerarsa yana duban bakin layi. Da kifi suka ci shinkafa. Raina ya ɓaci, na fito na same shi.

"Baba, kai ba ka jin tsoro ne?"

"Ina ji, Tela. Kullum. Da shi nake tashi. Amma ba na barin ƙofa don mai zuwa ya daɗe. Allah ya san inda yaron yake, ko da rai ko ba rai yana hannunsa. Ni abin da aka bar mini shi ne in ba dabbar nan dusa."

Na koma shago na kasa zura zare a allura.

Wata Alhamis cikin Fabrairu, da rana tsaka, keke napep ya sauke wani mutum a bakin layi, ramamme, yana dogara sanda. Daga baya muka ji cewa rauni ya samu a ƙafa, wayarsa ta ɓace a daji, ya yi watanni a asibiti bai ma san inda yake ba. Ya ɗingiso har gaban kujerar roba ya tsaya. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Wurin wa ka zo?"

"Wurin Baba Yari."

"Wa za a ce?"

"A ce Audi ne."

Kukan Maman Audi ya fito da duk gidan. Ba wanda ya aika wa Rahamatu, sai ga ta da babbar tukunya a ka. Aka kira Mamman, don Baba bai taɓa yanka dabba da hannunsa ba, Musulmi yake sa wa ya yanka saboda kowa a gidan ya ci. Mamman yana wasa wuƙa yana mita, wai an bar bunsuru ya tsufa, naman sai an kwana ana dafawa.

Baba kuwa ya kasa tashi daga kujerar. Ya riƙe sandar ɗansa a cinya da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Da ya ga ina kallonsa sai ya goge fuska da hula ya ce, "Ka gani ko, Tela? Wannan ranar ma ba wanda ya aiko mini da kwanan watanta."